Ɗan Kunkurun da na Ɓoye a Kwallar Mama

Na san za ku yi mini dariya, ku dai bari in kai ƙarshe tukuna. Ni Rumaisa'u, ɗiyar magatakardan kotu a Ƙaura Namoda, ban taɓa kiwon ko kaza ba. Kyanwa ma in ta goge ni sai na wanke ƙafa. Amma ni ce aka wayi gari ina renon ɗan kunkuru, kuma Sirajo ne ya jawo mini.

Sirajo malamin gona ne a Zurmi. A poli, kwalejin fasaha ta garinmu, muka haɗu, lokacin da aka turo shi kwas ni kuma ina shekarar ƙarshe. Dogo ne, baƙi, mai magana a hankali kamar yana tsoron tashin wani daga barci. Magabatansa sun riga sun zo wurin Baba, an yi bincike, saura sa rana kawai. Lokacin shari'a ba ta daɗe da kankama a jiharmu ba, zance duk ya koma na zaure, ƙofa a buɗe, shi a kan tabarmarsa ni a kan tawa, tsakaninmu filin da akuya za ta kwanta ta miƙe.

Wata Juma'a bayan la'asar ya zo, cikin shadda ruwan toka da hula zanna. Ni kuwa na sha atamfata mai ganyen kuka da zurmemen hijabi ruwan ƙasa, na zizara kwalli. Bayan mun gaisa sai ya turo mini wani ɗan kwando an rufe da tsumman atamfa.

"Inna ta ce in kawo miki."

Na ɗauka man shanu ne. Ina ɗaga tsumman sai na ga wani abu kamar murfin kwalbar man shafawa, ruwan zuma, da zane gida-gida a bayansa. Sai abin ya miƙo wuya ya dube ni da ƙananan idanu baƙaƙe. Saura kaɗan in yar da kwandon.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kunkuru ne."

"Ai na ga kunkuru ne. Na miya ne ko na ado?"

Ya yi dariya har da sunkuyar da kai, sannan ya yi mini bayani. A gidansu akwai wasu tsofaffin kunkuru biyu, mace da namiji, tun na zamanin kakansa. In damina ta kama aka yi ƙyanƙyasa, duk ɗan gidan da ke neman aure akan ba shi ɗa guda ya kai wa yarinyar.

"In ta riƙe shi har ranar da anka kai ta, tare suke shigowa gida," in ji shi. "In kuwa ya komo shi kaɗai, to an gane. Ba mai tambayarta dalili, ba mai zuwa roƙo, ba mai riƙe ta a zuci. Kakarmu ta kafa haka. Ta ce ɗiyar mutane ba ta iya duban manya ta ce ba ta so, to a ba ta abin da za ta iya maidowa."

Wallahi maganar ta shige ni. Na ji ina ƙara sonsa, da shi da mutanen da suka haife shi.

"Renonsa ba wuya," ya ci gaba. "Ciyawa ɗanya, ganyen rama, yakuwa, zogale kaɗan. Ki daka ɓawon ƙwai ki barbaɗa mishi. Ruwa a murfin kwano, kada ya wuce ƙafarsa, don ba ya iyo. Ban da tuwo, ban da madara. Babban abin dai rana ce. Kullum da hantsi ki fito da shi ya sha rana, ki bar mishi inuwa kusa. In bai samu rana ba ƙoƙonsa ba ya ƙwari."

"Na ji, Likita."

"Rumaisa, ba wasa nake ba."

"Na ce na ji."

Kun ga dai ba za a ce ba a gaya mini ba.

To a gidanmu akwai Gwaggo Kubra. Yayar Baba ce, ita ta riƙe ni tun rasuwar Mama, kuma ita ke karantar da matan aure a tsakar gidanmu kullum da hantsi. Tana sona, wannan ba na musu, amma harshenta ya fi barkono. Tun farko ba ta so zancen Sirajo ba. Ita ɗan gidan malamai take so mini, kullum tana cewa mutanen gona sai a hankali, sallarsu daban al'adarsu daban.

Ina shigowa da kwandon a ƙarƙashin hijabi na tarar da ita tana ba maƙwabciyarmu labari. A makon nan ɗalibanta suka yi ta kawo layu da guraye ana ƙonawa a bayan gida.

"Har da wadda taz zo da kunkuru," in ji Gwaggo, tana tafa hannu. "An rubuce mishi baya tas, wai na mallakar miji ne. Ni duk macen da nig gani da kunkuru a ɗaki, ba sai an gaya mini komi ba."

Sai ta juyo. "Ke mi anka kawo miki?"

"Ba komai, Gwaggo. Gaisuwa ce."

Na shige ɗaki. A ƙarƙashin gadona akwai babbar kwallar Mama, fara mai jan fure, wadda ake ajiye mini ta cikin kayan ɗaki. Na zuba yashi a ciki, na sa murfin kwano da ruwa, na ajiye shi, na karkace murfin kwallar don iska, na tura ta can ƙurya. Na ce wa raina na yau ne kawai, gobe zan san yadda zan gaya wa Baba.

Goben ba ta zo ba. Kullum in na yi niyya sai in hango fuskar Gwaggo tana cewa, "Ba na faɗa ba?" Sai in ji kunya ta rufe ni. Kuma bari in faɗi gaskiya tunda na fara, ba tsoron Gwaggo kaɗai ba ne. Ni kaina ina jin nauyin a ce ƙawayena ana kawo musu agogo da turare, ni surukaina kunkuru suka aiko.

Abin haushin shi ne na shaƙu da shi. Na sa masa suna Baƙo. In na kulle ƙofa na fito da shi kan ledar ɗaki, sai ya yi ta tafiyarsa yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar tsoho ya fito masallaci. In na miƙa masa ganyen rama, sai ya buɗe ɗan bakin nan ya yaga, ya take sauran da ƙafa. In na shafa ƙarƙashin wuyansa ba ya shigewa, miƙo shi yake yi. Ni da nake gudun kyanwa, sai ga ni kwance rub da ciki ina yi wa kunkuru hira.

Rana ce dai babu. Lokacin da ya dace ya sha ta, lokacin ne tsakar gida ke cike da mata da allunansu da jariransu. Ranar da babu karatu kuma Gwaggo na nan zaune gindin darbejiya tana tsince shinkafa. Tagar ɗakina bango take kallo. Hasken da ke shigowa bai fi faɗin faifai ba, shi ma ba ya daɗewa.

Shekarar ce wayar hannu ta iso garinmu, Baba ya saya mini 'yar ƙarama mai tocila. A Zurmi sai Sirajo ya hau tudun bayan ofishinsu yake samun sabis, amma kullum sai saƙonsa ya shigo.

"Ya Baƙo? Ya sha rana yau?"

"Ya sha har ya gaji," nake rubutawa.

"Madalla. Inna na gaishe ki, ta ce ya fara nauyi?"

"Sosai ma. Ci gare shi kamar maigidansa."

Ina turawa sai in kifa wayar a kan katifa, don ba na son ganin abin da na rubuta.

Sannu a hankali Baƙo ya rage tafiya. Ganyen da na sa masa da safe sai in tarar da shi da yamma ya yanƙwane. Idanunsa suka kumbura, ɗaya ya daina buɗewa. Da na ruɗe har tuwo na murmusa masa da madara, alhali na san an hana, ko kallo bai yi ba. Wata safiya na ɗauke shi, babban yatsana ya danna bayansa ba da niyya ba, sai na ji ya lotsa kamar ɓawon lemo. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Sannan na share ido na mayar da shi cikin kwalla, saboda na ji muryar ɗaliban Gwaggo sun fara shigowa.

Ana cikin haka Sirajo ya rubuto cewa Innarsa za ta zo ganina ranar Talata.

Ranar Talatar tun asuba nake aiki. Na share gida, na kunna turaren wuta, na ɗora shinkafa da miyar kaji. Na sa leshina ruwan hoda da ɗan kunnen Mama. Da hantsi, karatu bai tashi ba, sai ga sallama. Inna Asibi 'yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, da zanen saƙi da farin mayafi da ya sha shuni. Ƙanwarta na biye da ita da kaya niƙi-niƙi, gero a buhu, man shanu, daddawa, kuka, har da zabi biyu.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta kamo hannuna ta riƙe, tafinta kaushi amma da ɗumi.

"Ɗiyata, tashi. Ashe haka kike. Allah shi yi albarka."

Sai ta zaro wani ɗan ƙunshi daga cikin mayafinta, ɗanyar ciyawa an ɗaure da zare, ta ajiye gefen tabarma ta yi ƙasa da murya.

"Wagga ta ɗan baƙonki ce. Da sahe nit tsinko ta a fadama, uwatai ita ta fi so."

Na ce na gode, ban iya haɗa ido da ita ba. Na gudu madafi da sunan duba miya.

Daga can na ji Gwaggo tana cewa a juye geron a ba baƙi buhunsu. Na ji ta ce, "Ina babbar kwallar nan ta marigayiya?" Na ji takunta ya nufi ɗakina. Ludayi na hannuna, na tsaya a madafi ina saurare.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta fito da kwallar ta dire a tsakiyar gida, ta yaye murfin. Mata suka bar allunansu suka yo ca. Baƙo na kwance a kan yashi, busasshen ganye kewaye da shi, rana ta sauka a bayansa. Rabonsa da ita tun ranar da ya shigo gidanmu.

"Rumaisa'u, zo nan."

Na zo.

"A ƙarƙashin gadonki nis same shi. A gidan da nike hana matan mutane shirka. Naki ne?"

Ido ya fi ashirin a kaina. Wata ta rufe baki da hijabi, wata ta ja ɗanta baya. Inna Asibi na zaune tana kallona, fuskarta a sake, jira kawai take in yi bayani a yi dariya a wuce. Kalma ɗaya ce, jama'a. In ce nawa ne, kyauta ce daga gidan da za ni.

"Ba nawa ba ne," na ji bakina ya faɗa. "Ban san shi ba."

"To rantse."

Na buɗe baki. Allah ne kaɗai ya san abin da zai fito, don kafin nan tsohuwar ta miƙe.

"Kada ta rantse, Malama. Namu ne. Ni nib bada shi anka kawo. Yarinya ba ta roƙa ba, kuma ba ta san kan abin ba. Laihina ne."

Gwaggo abin da take jira ke nan. Ta juya kan Inna, a gaban ɗalibanta, ta fara wa'azi. Ta ce zamanin jahilci ya wuce, ta ce ba a shigo mata da tarkacen ƙauye gida, ta ce in da wata manufa aka aiko shi to Allah ya fi su. Ƙanwar Inna ta yunƙura za ta yi magana, Inna ta dafa gwiwarta. Tsohuwar da ta haifi Sirajo ta tsaya kanta a ƙasa tana cewa, "Gaskiya ne, Malama. A yi haƙuri." Ni kuwa ina tsaye da leshina da ɗan kunnena, ina kallo.

Da Gwaggo ta gama, Inna ta sunkuya ta ɗauki Baƙo da hannu biyu. Na ga yatsanta ya taɓa bayansa, na ga ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi. Ta naɗe shi a gefen mayafinta, ta yi mana sai an jima. Ko ruwa ba su sha ba. Ƙunshin ciyawar yana nan gefen tabarma inda ta ajiye.

Sai da suka fita sannan abin ya faɗo mini. Kunkuru ya koma Zurmi shi kaɗai.

Na shiga ɗaki na yi ta kiran Sirajo, ba ta shiga. Wajen la'asar saƙonsa ya zo.

"Inna ta iso lafiya, ta zo da Baƙo. Na gane, Rumaisa. Ba zan tambaye ki dalili ba, haka anka koya muna. Allah ya haɗa ki da alheri."

Ko kalmar zafi ɗaya babu a ciki. Na karanta har haruffan suka haɗe mini.

Baba na dawowa daga masallaci na bi shi ɗakinsa. Yana zaune kan buzu da tabarau, yana duba wasu takardu. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, kunkurun da aka gani ɗazu nawa ne. Sirajo ya kawo mini."

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Na sani."

Na ɗago kai.

"Tun ranar da sunka zo neman izini kawunsa ya gaya mini al'adar gidansu. Na ce mishi ban ga aibunta ba, ai yardar yarinya ake nema. Kullum in zan fita da hantsi sai na duba tsakar gida ko zan gan shi yana shan rana. Da ban gani ba, na ɗauka ba ki karɓa ba ne kina jin nauyin faɗa mini, shi ya sa ban matsa a sa rana ba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Duk ɓoyon nan, duk ƙaryar nan, duk duhun da na bar bawan Allah a ciki, ashe maigidan ma jira yake ya gan shi.

"Kawun nasa ya kira ni ɗazu," in ji Baba. "Ya ce sun ga amsa, sun gode, zumunci na nan."

"Baba, ni ban mayar ba. Wallahi ina so."

Ban taɓa faɗin irin wannan kalma a gabansa ba. Bai nuna ya ji nauyinta ba.

"Da bakinki kinka ce ba naki ba ne, a gaban uwarsa. Ni ba ni da abin da zan gaya musu. Kuma dabbar da kinka tsare a duhu tana da hakki a kanki, wannan tsakaninki da Allah ne. Inda kinka ɓata, can za ki fara gyarawa."

Na fito. Gwaggo na gindin darbejiya tana jan carbi. Na ɗauki ƙunshin ciyawar, ta riga ta yi laushi, na je na durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ƙarya na yi. Nawa ne. Kyauta ce ta neman aure, Baba ma ya sani. Ni na ɓoye shi, Inna rufa mini asiri ta yi."

Carbin ya tsaya.

"Kina tsaye," ta ce a hankali. "Kina tsaye kinka bar ni na ci mutuncin baƙuwa, tsohuwa, a gidan ƙanena, gaban ɗalibaina. Ita tana ba ni haƙuri."

Sai ga hawaye a idonta. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba sai ranar rasuwar Mama.

"Gobe in sun taru, ki tashi ki maimaita abin da kinka gaya mini, kowa ya ji. In kin gama mu nemi motar Zurmi. Ɗauko mini farin mayafina ki goge, ba ni zuwa ba mutane haƙuri a yamutse."

Na zuba gawayi a dutsen guga, na shimfiɗa mayafin a kan tabarma. Kafin ya yi zafi na ɗauki waya na rubuta wa Sirajo. Ban yi dogon bayani ba, ban ga bakin yi ba.

"Yana da rai? Gobe za mu zo ni da Gwaggo."

Na gama gefe ɗaya na juya ɗayan, shiru. Ana gab da kiran magariba wayar ta yi ƙara.

"Yana numfashi, bai buɗe ido ba. Inna ta ce kada a wahalar da ke, ba sai kun zo ba."

Na karanta sau biyu. Gwaggo ta ɗago daga inda take alwala.

"Mi yac ce?"

"Ya ce yana numfashi, Gwaggo. Ya ce kuma kada mu zo."

Ta zuba ruwa a ƙafarta, ba ta dube ni ba.

"To ke mi kinka ce?"

Na hura gawayin ya yi ja, na ci gaba da gugar mayafin.